Muhawara: 6x4, AdBlue, DPF da sauran haruffan da ke ɗaure wa sabon yaron mota kai

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ƙaramin yaronku ne, ban daɗe da fara bin mota ba. Maigidana DAF XF 105 yake ja, muna ɗauko hatsi daga Dawanau mu kai Legas, mu dawo da abin da ya samu. Abin da ke damuna shi ne, in an yada zango a Mararraban Jos ko Ogere manya suka zauna hira wajen mai shayi, rabin maganar wuce ni take yi. Wannan ya ce tasa 6x4 ce, wancan ya ce Euro 5 ce amma an kashe mata AdBlue, wani ya ce EGR ɗinsa ya toshe, wani yana zagin DPF. Ni dai sai gyaɗa kai. Maigida kuma ba mai son yawan tambaya ba ne. Don Allah wanda ya sani ya fayyace mini, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Baba Mai Mack: Wa alaikumus salam. Yaro, ka iya ɗaura tamfol yadda ruwa ba zai taɓa buhu ba? Ka iya kwance taya ka mayar kai kaɗai? In ba ka iya waɗannan ba, me ya kai ka haruffan Turawa? Mu da muka tashi a kan Mercedes 911 da Fiat ɗin da ake haɗawa a Kano da Steyr ta Bauchi, ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana baƙi. Kunne da hanci muka yi aiki da su. Ka bi maigidanka, ka buɗe ido, ka rufe baki.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar yaro ya tambaya. 911 ɗin da kuka ja, wayarta ba ta wuce ta fitila da sitata da hon ba. Wadda yaron nan yake bi kwamfuta ce ke auna mata mai, kuma in abu ya same ta a dashbod take rubutawa tun kunne bai ji komai ba. Ita kanta 911 ɗin ma ai lissafi ce: 9 ɗin tan 9 ne, 11 kuma ƙarfin doki 110. Har gobe haka Jamusawa ke raɗa wa motocinsu suna. Actros 1844, tan 18 da doki wajen 440. MAN TGA 26.480, tan 26 da doki 480.

Ƙanena, ka duba jikin ƙofar motarku. Za ka ga 105.410 ko 105.460 ko 105.510. A DAF lambar farko sunan ƙirar ce kawai, ba nauyi ba, wadda ke bayan ɗigon ita ce dokin. Howo 371 da ta cika gari, 371 ɗin nan ita ma doki ce.

Sabon Shiga: 105.460 ce Oga, kullum sai na wanke wurin.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Madalla. To sai 6x4. Lambar farko yawan ƙafafun da mota ke tsaye a kansu ne, ta biyu yawan waɗanda injin ke juyawa. Amma a wannan lissafin tayoyi biyu da aka haɗa wuri guda ɗaya ake ƙirga su. 4x2 aksul biyu ke gare ta, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama, na baya kaɗai ke ja. 6x4 aksul uku, na baya duka biyun suna ja. 6x2 ita ma aksul uku ne, amma ɗaya tak ke ja, ɗayan ɗaukar nauyi kawai yake, shi ya sa wasu ake ɗage shi sama in mota ba lodi.

Baba Mai Mack: Mu ƙafa goma muka sani.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Ita ce 6x4 ɗin, Baba. Biyu gaba, takwas baya.

Hajiya Mai Tifa: A nan ne fa ake yi wa mutane wayo. Akwai 6x2 mai taya goma cif, domin aksul ɗin da ba ya ja shi ma an sa masa bibbiyu. Dillali zai tsaya ya ƙirga maka taya yana rantsuwa ƙafa goma ce, kuma bai yi ƙarya ba. Sai ranar da ta shiga ramin yashi da damina, aksul ɗaya yana ta wulwulawa a taɓo ɗayan yana kallo, sannan za ka san abin da ka saya. Ni yanzu ba na ƙirga taya. Sai na sa direbana ya shiga ƙarƙashi ya ga farfela, sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayoyi, ta wuce daga aksul na farko zuwa na biyu, kuma dukansu suna da tulun nan na tsakiya.

Dillalin Manyan Motoci: Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma 6x2 ba aibi ba ce, a kan kwalta ta fi 6x4 sauƙin shan mai da cin taya. Turawa sun fi jan ta a kan 6x4 saboda hanyarsu sumul ce. Wanda zai yi Apapa zuwa Kano a titi ba laifi, wanda zai shiga daji ɗauko gawayi ko kwari ɗauko dutse shi ne bai kamata ya kalle ta ba. A takardar DAF ma an bambanta: FT kai ne 4x2, FTG 6x2, FTT 6x4. Sannan in kana duba talla daga waje ka lura da LHD da RHD. RHD sitiyarin dama ne, irin na Ingila. Mu tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, don haka LHD ce tamu. Mai araha da yawa RHD ce aka juya mata sitiyari a gareji, kuma ba kowane mai juyawa ne ya iya ba.

Sabon Shiga: Na gode. To AdBlue ɗin fa? Muna da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi kusa da na gas, amma ban taɓa ganin an zuba masa komai ba.

Injiniya Ƙofar Ruwa: To an zo wurin. Bari in ɗauko ta daga tushe, don haruffan nan uku, EGR da SCR da DPF, duk abu ɗaya ya haife su: dokar hayaƙi ta Turai. Ita ce Euro ɗin da kake ji. Euro 3 ta zo wajen 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 a 2013. Kowace ta zo sai ta ƙara matse masu ƙera injin kan abu biyu. Na farko kunkunniya, baƙin hayaƙin da kake gani. Na biyu wata iska mai cutar da huhu da ba a ganinta, ana rubuta ta NOx, wadda ke samuwa in wutar cikin silinda ta yi zafi sosai.

EGR hanya ce ta mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin injin, a sanyaya shi a gauraya da sabuwar iska, don wutar ta rage zafi. NOx ya ragu, amma kunkunniya ta riƙa taruwa a bawul ɗin da bututun shan iska. In ka ji an ce EGR ya toshe, ita ce ta daskare a ciki.

SCR kuwa ba ruwansa da cikin injin. A salansa yake aiki. Ana fesa wani ruwa cikin hayaƙin, ya bi ta wani tulu, NOx ɗin ya rikiɗe ya koma iskar da ba ta cutarwa da tururin ruwa. Ruwan da ake fesawar shi ne AdBlue. Yuriya ce tsantsa kashi 32.5 cikin 100, sauran tataccen ruwa. A motocin Amurka DEF ake rubuta shi, abu ɗaya ne. Euro 5 tana shan kamar lita 4 zuwa 6 a kowace lita 100 ta gas.

DPF kamar rariya yake a cikin salansa, hayaƙi ya wuce, kunkunniya ta maƙale. In ya cika, motar da kanta take ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone ta.

Abin da nake so ka riƙe: ba kowace mota ce ke da ukun ba. XF 105 ɗinku da SCR ta cika doka, galibinsu ba EGR ba DPF. Sai a Euro 6 DAF ta haɗa duka ukun. MAN kuma a Euro 4 ta EGR ta bi, ba AdBlue. Don haka ranar da wani bakanike ya ce wa maigidanka ya kawo kuɗi a cire wa motarku DPF, a ce ya fara nuna shi tukuna.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu nan Nijar DPF ɗin FAP muke ce mashi, haka yake a takardun Faransanci. In kun shigo ta Dan Issa ko Ƙonni kuka ji bakanike ya ce FAP, shi ne. Gas kuma gazuwal, juyen mai vidanj, yaron mota apranti. Nauyin da aka yarda mota ta kai da kayanta, wanda ku kuke gani GVW, mu PTAC ne. Wannan kam ka san shi, don a kan sikeli ba a jin roƙo da Hausa.

Dillalin Manyan Motoci: Bayanin Injiniya ya yi, amma a faɗa wa yaro gaskiyar ƙasa. Tankinku ba komai a ciki saboda an kashe shi, kuma daidai aka yi. Ana sa wani ɗan akwati ne da ke yi wa kwamfutar ƙarya cewa komai lafiya, ko a shiga cikinta a goge sashen. Wa zai tsaya neman AdBlue tsakanin Tegina da Mokwa da tsakar dare? In ya ƙare ko sensa ɗaya ta mutu, Euro 5 rage wa kanta ƙarfin ja take yi ya koma kusan kashi 60 cikin 100, kana ɗauke da tan 30 a kan tudu. Euro 6 ma in ka yi mata taurin kai sai ta mayar da kai kilomita 20 a awa. An yi abin nan ne don Jamus da Holan, ba don mu ba.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Ban musa wahalar ba, Alhaji. Abin da nake musawa shi ne ƙaryar da ake haɗawa da ita, wai in an kashe AdBlue mota na ƙara ƙarfi. Ta ina? Ruwan nan ko kusa da fistin ba ya zuwa. Ƙarfin da ta rage ne ya dawo, ba sabo aka samu ba. Kuma huhun Bajamushe da na mai shayin Tafa iri ɗaya ne. Mu ne ma muke kwana a tsakiyar tireloli ɗari duk injin a kunne.

Dillalin Manyan Motoci: To kai a garejinka ba ka kashewa?

Injiniya Ƙofar Ruwa: Wanda ya zo mini da matsalar SCR, nakan fara duba abin da ya lalace in gaya masa kuɗin gyara. Sau da yawa bakin feshin ne ya toshe, ruwan ɗumi ke wanke shi. Wanda ya nace sai an kashe, ga masu yi nan birjik a layinmu.

Ɗan Kwangila: Ni tambayata, tunda yuriya ce, me zai hana a sayi buhun takin yuriya a jiƙa a tace a zuba? Na ji ana yi.

Mai Wayarin Panteka: Kai! Kada ka soma. An kawo mana wata da aka yi wa haka, da muka kwance bakin feshin wani farin dutse muka tarar ya cika bututun, sai da guduma da kurfi. Famfon ya ƙone, tacen cikinsa ya zama laka. Takin gona ana shafa masa sinadari don kada ya dunƙule, ruwan rijiya kuma da gishirinsa, dukansu guba ne ga tulun SCR. Ko na gaskiyar ma ba ya son rana. Jarkar da ta yi wata da watanni a bakin titi cikin zafin Afrilu ta riga ta sha wuya. Sannan yaro, ka ji wannan da kyau tunda kai ake aika shan mai: AdBlue ba ya shiga tankin gas, gas ba ya shiga shuɗin murfi. In tsautsayi ya sa an zuba, ko makulli kada a murɗa, sai an juye tankin.

Direban Tanka: Duk kun bar babbar. DPF da EGR ba don kansu suke mutuwa a nan ba, mai ne ke kashe su. Gas ɗin Turai salfar cikinsa, wato farar wuta, ba ta wuce 10 ppm. ppm ɗin nan kashi nawa ne cikin miliyan. Mu shekara da shekaru doka ta yarda har 3,000. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko 50. Wannan a takarda ke nan. A hanya kuma akwai mai jarka da ya gauraya da kananzir, akwai gas ɗin da aka dafa a daji. Injin zamani matsin mansa yana kai bar 1,600 har sama da 2,000, nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa man, ramukan ƙanana ne ƙwarai. Ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa Howo mai tsohon famfo ta karɓu, Euro 2 ce, abin da ka ba ta za ta haɗiye.

Yaro, in ka ga WIF ko hoton famfon mai da ɗigo-ɗigo a dashbod, ruwa ne ya taru a filtar farko. A ƙasanta akwai ɗan kofi da maɓalli, ka murɗa ruwan ya zube har ka ga gas tsantsa. Aikinka ne wannan, ba na maigida ba, kuma kada ka jira fitila. Kuma ko da wasa kada ka sa hannu kana laluben inda bututun injekta ke yoyo injin na aiki. Man zai huda fata ya shige.

Baba Mai Mack: Yanzu aka fara magana. Wannan ita ce koyarwa, ba karatun haruffa ba.

Mai Wayarin Panteka: Baba ai WIF ɗin ma haruffa ne, uku cif.

Baba Mai Mack: Kai dai ɗan wayarin, ku ne kuka lalata sana'ar. Da, mota ta tsaya sai direba ya sauko da sifana. Yanzu sai a zauna ana jiran yaro da kwamfuta daga Kaduna, ya zo ya danna abu biyu ya karɓi kuɗin da ya fi albashin direban.

Mai Wayarin Panteka: Tuba nake Baba. Amma bari in ba yaron nan abin da zai rage masa zaman jiranmu. ECU ita ce abin da muke kira ƙwaƙwalwar mota. Abu biyu suka fi kashe ta a hannunmu: walda a jikin shasi ba a cire batir da soket ɗinta ba, da kuma jona waya ba lissafi. Motocin Turai irin taku bolt 24 ne, batir biyu a jere. Mack ta Amurka 12 ce. Wanda ya jona su kai-tsaye don tayar da wata, ya sayi aiki.

Na biyu launin fitila. Rawaya tana nufin akwai matsala, ka lallaɓa zuwa inda za a duba. Ja, musamman in ta rubuta STOP, ka nemi gefen titi yanzu. Hoton butar mai ja, matsin baƙin mai ne ya faɗi, minti kaɗan ya isa injin ya kama. Kada ka yarda da mai cewa sensa ce kawai sai an auna.

Na uku, motoci da yawa suna ba da lamba biyu, SPN da FMI. SPN tana faɗin wane sashe ne, FMI tana faɗin irin ciwon. SPN 100 matsin baƙin mai, 110 zafin ruwan lagireto, 190 gudun injin. FMI 3, 4 ko 5 galibi waya ce ta tsinke ko ta haɗe, ba ainihin abin ba. FMI 0 ko 1 kuwa abin da ake aunawar ne da kansa ya hau ko ya faɗi fiye da ƙima, wato 100 da 1 ba wasa. In mota ta nuna lamba ko rubutu, ka ɗauki hoto kafin a kashe ta. Da hoton nan daga nesa ma zan iya ce maka ku taho ko ku tsaya.

Shugaban Zaure: Jama'a, wanda ya turo tallan fili da wanda ya turo bidiyon siyasa na goge. Nan maganar mota ake. A ci gaba.

Hajiya Mai Tifa: Ku ƙara masa da PTO, don watarana zai bi tifa ko tanka. Shi ne abin da ke ɗaukar ƙarfi daga giyabos ya juya famfon da ke ɗaga bodi ko tura mai. Direban da ya manta shi a kunne ya hau titi, ko famfo ya ƙone ko bodi ya tashi ya ɗebo wayar lantarki. Na ga wadda ta faru da ita a bakin wata kasuwa, Allah ne ya tsare ba a rasa rai ba.

Direban Tanka: Na ofis kuma ba su da wuya. A takardar lodi AGO gas ne, PMS fetur, DPK kananzir. NARTO ƙungiyar masu motocin ce, PTD tamu ce ta direbobin tanka a ƙarƙashin NUPENG, NURTW ka san su a tasha. FRSC da VIO kuwa ba sai an gabatar maka ba, su za su gabatar da kansu. Lasin ɗin da za ka nema in lokaci ya yi ajin G ne, na mota mai jan bodi. Kuma ka lura yanzu in an ce motar gas ce ka tambaya wane gas, don masu CNG, wato iskar gas, sun shigo, su da manyan tukwane a bayan kai.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. Akwai wani ɗan hannu a gefen sitiyari da maigida ke ja in za mu gangara, sai injin ya canza murya. Na ji wasu na cewa ritada.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Iri uku ne ake cakuɗawa. Akwai birkin salansa, wani faifai ne ke toshe hanyar hayaƙi. Akwai birkin injin, wanda ke buɗe bawul ya saki iskar da fistin ya matse, shi ne mai ƙarar nan ta Mack da ake ce wa Jek. Sannan ritada ta ainihi, wadda ke jikin giyabos tana riƙe farfela da mai, ta kamfanin ZF ana rubuta ta Intarder. Biyun farko sai RPM, wato gudun juyawar injin, ya hau suke kamawa sosai, wajen 2,000, saɓanin tafiya a miƙe inda ake son allura ta zauna a koren layi. Ita kuma ritada zafinta lagireto take tura wa, don haka ido na kan allurar ruwa. ABS hana taya kullewa yake, EBS kuma birkin iska ne da kwamfuta ke ba wa umarni.

Baba Mai Mack: To nan kam ku matsa in yi magana, don ba a kwamfuta ake koyonta ba. Yaro, ka taɓa sauka Hawan Kibo da lodi? In ba ka taɓa ba za ka sauka. Tun kana sama, kafin hancin mota ya leƙa, ake zaɓar giya. Giyar da za ta hau da kai ita za ta sauko da kai, ko ma ƙasa da ita. In ka bari ta ɗauki gudu sannan ka ce za ka canza, ba za ta shiga ba, ka zauna a firi da tan 40 a bayanka. Masu sa firi don tsimin gas, yawancinsu mun yi musu salla. Birkin ƙafa ba a kwantar da ƙafa a kansa. Ka taka da ƙarfi gudu ya sauka, ka ɗaga ya huce. In ka ji warin ƙauri daga baya, ka riga ka makara da rabi.

Kuma ka dubi allurar iska kafin ka dubi komai. Tawa psi take rubutawa, tana cika wajen 120, in ta sauko 60 ƙararrawa za ta yi ihu. Taku bar ce.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Bar 1 psi 14.5 ne, wato 120 ɗin Baba bar 8 da ɗoriya. Ashe Baba ma ya san haruffa.

Baba Mai Mack: Waɗanda ke kashe mutum na sani. Kullum da asuba ka ja zoben da ke ƙasan tankunan iska. In ruwa ya fito da yawa, ko ruwa da mai, ka gaya wa maigidanka a canza gwangwanin busar da iska, a duba kwamfiresa. In ya yi maka tsawa ka sake gaya masa gobe.

Ɗan Maraɗi: Wallahi Baba ya gama magana. Mu masu Kwatano zuwa Gaya mun san darajar iska.

Mai Faci Tafa: Kun yi injin kun yi birki, ba wanda ya tuna da abin da ke taɓa ƙasa. Yaro, je ka karanta gefen tayarku. Za ka ga kamar 315/80R22.5. 315 faɗinta ne a milimita, 80 tsayin gefenta kashi 80 cikin 100 na faɗin, 22.5 girman rim a inci. Bayansa akwai irin 156/150L. 156 na nufin kilo 4,000 in ita kaɗai ce, 150 kilo 3,350 kowace in an haɗa biyu, L kuma iyakar gudunta kilomita 120. Yanzu ka lissafa lodin da ake ɗora muku a Dawanau ka ga ko da laifin taya in ta fashe a Jebba da rana tsaka.

Amma wadda na fi so ka iya, nemo inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. 'Yan Beljiyam da ake shafa wa baƙin mai su yi ƙyalli, nan asirinsu ke tonuwa. Duba na gaba guda biyun ka faɗa mini.

Sabon Shiga: Na duba da tocila. Ta gefen direba 3623. Ta gefena 1418, kuma akwai 'yan tsage-tsage ƙanana a gefenta kusa da rim.

Mai Faci Tafa: Ta direba sati na 36 a 2023, ba laifi. Taka sati na 14 a 2018, ta haura shekara 6, ga tsagewa. Wannan ba tayar gaba ba ce ko da zanenta bai cinye ba. A mayar da ita bodi a bi da ita a hankali, ko a yar. In ta baya ta fashe za ku tsaya ku canza, in ta gaba ta fashe da lodi sitiyari ƙwacewa yake.

Sabon Shiga: To ta yaya zan gaya masa? Zai ce wa ya aike ni.

Dillalin Manyan Motoci: Kada ka ce a waya ka gani, nan za ka ɓata. In kun tsaya shan iska wajen mai faci, ka ja mai facin gefe ka nuna masa, shi ya faɗa da bakinsa.

Mai Faci Tafa: In ta Tafa za ku bi ku tsaya layin masu faci, kowa a cikinmu ya gani zai faɗa. Yaushe za ku taso?

Sabon Shiga: Ana lodi yanzu, in sha Allahu jibi da asuba.

Baba Mai Mack: Kano zuwa Tafa ba nan kusa ba ne a kan wannan tayar. Kafin ku bar Dawanau za a duba ta. Ka samu mai facin bakin kasuwa yau ɗin nan.